Yadda ake haɗa labarin "da a ce" da Hausa, tun daga takarda har fim ɗin waya

Watan da ya wuce wani ƙanena da muke layi ɗaya a nan Gombe ya turo min labarin da ya rubuta a waya, yace Yaya dan Allah ka duba min kafin na sake shi. Bayan isha'i na zauna na karance shi tas. Yaron yana da hannu wallahi, ya iya jan zance, amma labarin kaf ɗinsa a wani birni yake faruwa mai dogayen benaye ƙanƙara na zuba, jarumin yana shan kofi a tsaye yana jiran jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi kuwa marubucin ko Kano sau biyu ya taɓa zuwa. Nace mishi me ya hana ka kawo shi Gombe, sai yace ai Yaya irin wannan labarin baya zama a garinmu, wa zai yarda kumbo ya sauka a Tashar Dukku. Maganar nan ta tsaya min a rai, ita tasa na zauna rubuta wannan bayanin dan na san ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba. Zan bi abun daki-daki yadda ni nake yi. In nace "ka" to har da ke 'yar uwa, dan ma ku kuka fi mu yawa a harkar rubutun nan yanzu.

Mataki na farko, ka san gidan da zaka shiga

Ni sunan da nake kiran gidan gaba ɗaya shine labarin "da a ce". Duk labarin da aka ɗora shi akan wani abu da babu shi a rayuwar da muka sani, marubuci yace da a ce akwai shi fa me zai faru, to ɗan gidan nan ne. Amma gidan yana da ɗakuna, kuma in baka san ɗakin da kake ba labarinka zai zama dambu ba mai, kowane tsaki na gefensa.

Akwai labarin kimiyya, wanda abun mamakin cikinsa daga na'ura ko magani ko wani bincike ya fito, ko da babu shi yau ana iya tunanin wata rana ilimi ya kai wurin. Masana da yawa suna fara lissafinsa daga Frankenstein na Mary Shelley da ya fito a 1818, sai H. G. Wells da ya kawo injin tafiya cikin zamani a 1895. Kalmar robot ma da ake kiran mutum-mutumin inji da ita, daga wani wasan kwaikwayo na ƙasar Cek ta fito a 1920. Akwai almara, inda abun mamakin baya neman hujjar kimiyya, zobe ne ko takobi ko aljani ko tsuntsu mai magana. Akwai na ban tsoro, shi burinsa tsikar jikinka ta tashi. Akwai na ɓacin zamani, a nuna maka gobe da ta lalace, mulki ya danne mutane ko ƙasa ta ƙi amfanin gona, irin littafin George Orwell na 1949 da hukuma ke leƙen kowa har cikin ɗakinsa. Sai na juya tarihi, ka ɗauki abun da ya faru da gaske ka karkatar da shi.

To yanzu ka dawo gida ka duba. A 1933 aka yi gasar rubutun Hausa a Zariya ƙarƙashin Rupert East, a cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, mutum ya bar gida ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, akwai Ganɗoki na Bello Kagara da ya fara da yaƙi da Turawa ya ɓulle ƙasar aljanu. Kaga kenan da almara aka buɗe ƙofar ƙagaggen labarin boko a Hausa. Shaihu Umar na maƙwabcinmu Abubakar Tafawa Ɓalewa ma a wannan gasar ya fito, duk da shi ba na aljanu bane. A 1969 kuma, shekarar da Amurkawa suka taka duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, yaro ɗan ƙasar nan ya hau sama tare da wani baƙo daga sararin samaniya. Ba a ma maganar Gizo da Ƙoƙi da Dodo da muka sha a bakin kakanni, da littattafan yaƙi da samari ke haya a shago suna kwana akai. Dan haka duk wanda yace maka abun na Turawa ne, ka nemi waɗannan ka karanta tukunna, shine aikinka na makon farko.

Mataki na biyu, canza abu ɗaya tak

Nan mutane suka fi faɗuwa. Sai kaga labari ɗaya akwai aljani, akwai kumbo, akwai maye, akwai mutum-mutumi, akwai zoben ɓata, duk a shafi goma. Mai karatu zai iya haɗiye ƙarya ɗaya babba in ka kewaye ta da gaskiya, amma in ka jero mishi biyar zai aje wayar.

Ka ɗau takarda ka rubuta jimla goma, kowacce ta fara da "da a ce". Kar ka tace, ka zuba kawai. Da a ce wani rani ruwan dam ɗin Dadin Kowa ya ja baya sai ga rufin wani gari da ba wanda ya san da shi. Da a ce jirgin ƙasan da ya iso Gombe a 1963 bai taɓa tsayawa ba, layin ma ƙaruwa yayi har ya ratsa hamada. Da a ce yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a watan Yuli a nan ƙasar Funakaye, bai ƙare yadda ya ƙare ba, tunda dama a karon farko Turawan ja da baya suka yi. Ka bar takardar ta kwana biyu, wacce ta ƙi barin kanka kana wanka kana tunaninta kana kan mashin kana tunaninta, ita ce taka.

Bari na baka tawa da nake aiki akai yanzu, da ita zamu yi misali har ƙarshe. Da a ce wani mai gyaran waya a kasuwa ya haɗa wata 'yar na'ura da in ka manna ta a bango zata maimaita maka maganar da aka yi a ɗakin. Shikenan. Komai na Gombe yana nan yadda yake, zafin watan Afrilu, 'yan garuwa, 'yan acaɓa, ɗauke wuta, abu ɗaya kawai na ƙara.

Ka lura irin nan ɗaya zai iya tsira a kowane ɗaki. In na'ura ce, labarin kimiyya ne. In wata tsohuwa ce ta gaji iya sauraron bango daga kakarta, almara ce. In bangon ya fara maimaita muryar da ba wanda ya san mai ita a gidan, kullum da ƙarfe uku na dare, ka shiga ban tsoro. In hukuma ta karɓe na'urar tace kowane gida sai an saurara duk Juma'a, ɓacin zamani kenan. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya akai.

Mataki na uku, ka kafa doka ka sa farashi

Wannan shine ƙashin bayan aikin, in ka tsallake shi duk sauran wahalar banza ce. Abun mamakin da ba shi da iyaka kashe labari yake, dan in jarumi zai iya komai to me zai sa gabana ya faɗi in an kewaye shi. Ka tuna fina-finanmu da boka zai ɓace ya bayyana yadda yaga dama a farko, amma da an zo ƙarshe sai ya tsaya kamar gunki a kama shi, ba wanda ya faɗa mana me ya hana shi ɓacewa. Yara ƙanana ma suna lura da wannan.

Ka rubuta doka uku, kar su wuce haka, ka manna a inda kake gani. Tawa ga ta. Na'urar bata jin komai sai a ginin ƙasa, laka ce ke riƙe sauti, bulon siminti baya riƙewa. Bata wuce maganar kwana uku baya. Sannan duk maganar da aka saurara sau ɗaya ta goge kenan har abada, ba maimaici.

Doka ta ukun nan ita ce farashin. Wanda ya riga manna na'urar shi kaɗai yaji, in yazo yace ga abun da bango ya faɗa ba mai iya tabbatarwa, kaga ashe na'urar da aka yi dan kashe ƙarya ta buɗe sabuwar ƙofar ƙarya. Farashi kala-kala ne, zai iya zama lafiya, ko kuɗi, ko shekaru, ko mutunci, ko wani da kake so. Tatsuniyoyinmu sun riga mu sanin wannan, duk sanda Dodo ya taimaki mutum to da sharaɗi, kuma labarin baya zafi sai ranar biya. Abun da nake roƙonka shine in ka kafa doka kar ka karya ta dan jaruminka ya shiga matsi. Ka bar shi a matsin ya nemi hanya da dokar a wuyansa, mafitar da zai samo ita ce zata sa a tuna labarinka.

Mataki na huɗu, ka bi sawun abun cikin gari

Ni nan nafi jin daɗi kuma nan nafi daɗewa, wani lokaci sati biyu ina wannan kaɗai ban rubuta ko layi ɗaya na labarin ba. Ka tambayi kanka, to sai me ya biyo baya, in ka samu amsa ka sake tambaya, har sau biyar ko shida.

Na'ura ta shigo kasuwa. Su wa zasu fara saya? Ba 'yan sanda ba, masu bin bashi ne da kishiyoyi da surukai. To sai me? Mutane zasu daina maganar sirri a ɗaki, a koma bakin kwari ko cikin gona ko a rubuta a ƙasa a share da ƙafa. To sai me? Ka tuna dokar farko, ginin ƙasa kaɗai ke magana. Wa ke kwana a ginin ƙasa? Talaka da mutanen ƙauye da tsofaffin unguwanni. Mai kuɗi yana cikin siminti asirinsa a rufe, talaka kuwa ko kukan da yayi da dare ana iya saye a saurara. Sai kuɗin siminti ya haura sama, ga shi kuma a nan jihar muke da kamfanin siminti a Ashaka, sai kaga tireloli sun yi layi, sai iyayen yarinya su fara tambayar manemi ɗakin da zaka sa ta na ƙasa ne ko na bulo kafin ma a yi maganar sadaki. Sai a samu masu sana'ar share bango, ka biya su suzo su saurare komai da kunne a toshe dan ya goge kafin baƙi su iso. Alƙali fa, zai karɓi shedar bango? Malamai me zasu ce akan leƙen asirin mutane, tunda Alƙur'ani ya hana bin diddigin juna a Suratul Hujurat?

Kaga daga 'yar na'ura ɗaya mun taɓo aure, kasuwa, shari'a, wa'azi da bambancin mai shi da mara shi, ban kuma ƙara wata ƙarya ta biyu ba. In ka yi wannan aikin da kyau zaka tara abun da yafi ƙarfin labarin, kashi ɗaya cikin goma zaka saka, sauran su zauna a littafin ajiyarka, amma mai karatu zai ji nauyinsu ko bai gansu ba.

Mataki na biyar, wuri

Ka rubuta inda ƙafarka ta taka. Wanda ya taso a Jekadafari ko Bolari ko Pantami ya san yadda kwari ke cin gidaje da damina, ya san ƙarar ruwan in ya taho, wannan kaɗai ya ishi labarin ɓacin zamani ba sai ka aro ƙanƙarar wasu ba. Muna da Dutsen Bima da tsofaffi ke ba da labarai akansa tun zamanin masu hijira gabas, muna da tsaunukan Tula da na Kaltungo, muna da Gombe Abba inda Buba Yero ya kafa gari kafin a dawo nan. In ka leƙa Bauchi ga Yankari da ruwan Wikki mai ɗumi dare da rana rani da damina, ga koguna da aka sassaƙa a jikin dutse a cikin dajin, ga zanen mutanen da a duwatsun Geji da Shira. Ga Kolmani a tsakaninmu da su inda aka ƙaddamar da haƙar mai a 2022, wanda duk mai son rubuta Gombe ta shekara hamsin masu zuwa dole ya yi tunaninsa.

In da hali kaje wurin da kanka ka zauna awa ɗaya ba tare da danna waya ba. Ka rubuta wari uku, ƙara uku, da abu ɗaya da baka zata zaka gani ba. Wannan abu ɗayan yawanci shi ke sa mai karatu yace lallai wannan ya je.

Mataki na shida, wa abun ya fi ƙonawa

Ba dole jaruminka ya zama ɗan sarki ko wanda aka yi busharar zuwansa ba, mun gaji da su. Ka nemo wanda canjin nan yafi taɓawa kuma bashi da ƙarfin gudu. A nawa labarin ba mai gyaran wayar bane jarumi. Wata bazawara ce da mijinta ya rasu jiya, a ɗakin ƙasa, ta san a daren ƙarshe ya faɗi wata magana akan gona tana tsakar gida bata ji ba, ga 'yan uwansa suna hanya da tasu na'urar, ga kwana uku na tafiya, ga shi sau ɗaya ake ji. In ta riga su saurara zasu ce ƙarya take, in ta bari suka riga ta zasu faɗi son ransu. Abun da take so ƙarami ne, gona ɗaya da muryar mijinta sau ɗaya, amma duk dokokin nan uku sun taru a wuyanta.

Ka rubuta a layi ɗaya me jaruminka yake so, me ya tare shi, me zai rasa in ya gaza. In layin ya ƙi fitowa to baka shirya fara rubutu ba.

Mataki na bakwai, iyakar da bana tsallakewa

Dole na tsaya a nan dan mu ba kamar marubucin Ingila bane da aljani a wurinsa abun wasa ne. Mu mun yi imani akwai aljanu, sura guda ce da sunansu, sihiri ma mun san akwai shi kuma haramun ne. Saboda haka masu karatunka ba kallon ƙage zalla suke wa abun ba, kuma suna da gaskiya in suka tsare ka da tambaya. Ni a rubutuna bana ba wani mahaluki sanin gaibu, bana sa wani ya tada matacce ko ya busa rai, bana saka Annabawa ko Mala'iku a cikin ƙage, bana kuma rubuta surkulle dalla-dalla yadda wani yaro zai kwafa ya gwada. Da farko ma na'urar tawa maganar gobe take jiyowa, da na zauna na auna sai naga ta shiga hurumin da ba nawa ba, na juya ta ta koma jiya, kuma wallahi labarin ƙaruwa yayi. In wani wuri ya shige maka duhu ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa ka karanta mishi wurin, kar ka taƙaita mishi da baki. Haka in labarin ya taɓo wata ƙabila ko wani gari, jiharmu ta haɗa Fulani da Tangale da Tera da Waja da Bolawa da sauransu, Musulmi da Kirista, kar ka ɗau al'adar wasu ka maida ita gidan mayu dan kawai kana neman abun tsoro. In kuma fim ne kana son ya shiga kasuwar Kano, ka sani akwai hukumar tace fina-finai a can tun 2001, ka nemi ƙa'idojinta tun kafin ka kashe kuɗi.

Mataki na takwas, rubutun kansa

Ka fara da gajere, kalma dubu zuwa dubu biyu. Kar ka fara da littafi mai juzu'i biyar, da yawa sun fara sun tsaya a shafi na talatin.

Kar ka buɗe da darasin tarihi, irin "a shekara ta kaza bayan an yi kaza duniya ta rabu uku". Ka buɗe da mutum yana cikin wani hali, dokar duniyar ta fito ta hanyar abun da yake yi. Misali bazawarar nan tana zaune a zaman makoki sai taji wata 'yar uwar mijin tana raɗa wa wata cewa kar a bar kowa ya shiga ɗakin sai Baffa ya iso da abun. Mai karatu bai san menene abun ba tukunna amma ya riga ya miƙe zaune. Kuma kar ka sa mutum biyu suna faɗa wa juna abun da dukansu suka sani dan kawai mu ji, ba mai cewa matarsa kamar yadda kika sani na'urar nan kwana uku take ji. In kana son a yi bayani ka kawo wanda bai sani ba da gaske, yaro ko baƙo daga wani gari.

Sai suna. Mutanenmu basa kiran sabon abu da dogon sunan kamfani, laƙabi suke mishi, dubi yadda aka samu a-daidaita-sahu da tashi-ka-fiye-naci. To haka zaka yi. A labarina ba wanda ke cewa na'ura, 'yan kasuwa suna ce mata magulmaciya, tsofaffi suna ce mata kunnen bango. Suna ɗaya mai kyau yafi shafi guda na bayani. Turanci kuma ka rage shi iya iyawarka, in likita ko injiniya zai yi magana ya yi ta yadda zai yi wa mahaifiyarsa bayani.

In ka gama ka aje shi sati ɗaya. Sannan ka tara mutum uku, ɗaya mai son irin labarin, ɗaya wanda baya so, ɗaya kuma babba a gida, ka karanta musu da baki. Kar ka tambaye su ya yi daɗi, kunya zata sa su ce eh. Ka ce su faɗa maka dokokin abun da bakinsu, in suka kawo ukun daidai to ka isar. Ka kuma lura da inda wani ya ɗau wayarsa ya fara latsawa, ka sa alama a wurin, nan ne zaka yanke. Bayan gyara sai ka saki, ko a WhatsApp ko Wattpad ko ka ba masu karanta littafi a YouTube da yarjejeniya a rubuce. Mata kuma ga gasar Hikayata ta BBC Hausa da ake yi tun 2016, ki duba ƙa'idar shekarar kafin ki tura.

Mataki na tara, in kana son ya zama fim

Ka maida shi minti biyar zuwa goma, wuri biyu, 'yan wasa kar su wuce huɗu. Ka zauna ka ja layi a ƙarƙashin duk abun mamakin da ke cikin labarin, kowanne ka tambayi kanka dole ne a gan shi ko jin sa ya isa. Yawanci ji ya isa. Fim ɗin Jaws na 1975, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane, kifin roban da suka ƙera yawan lalacewa yake, dole tasa aka riƙa ɓoye shi ana nuna ruwa da kiɗa kawai, kuma hakan ne ya ƙara firgita mutane. Mu kuwa sai mu dage sai mun nuna wuta na fita daga tafin hannu da kwamfutar da bata kai ba, ƙarshe wurin da ake so a ji tsoro sai a yi dariya. Labarin bangon nan nawa kusan kyauta ne a fim, ɗakin ƙasa, wata 'yar tsohuwar rediyo da aka sauya wa fuska, da murya.

Dabarar ɓacewa tsohuwa ce, Georges Méliès na Faransa da ya yi fim ɗin tafiya duniyar wata a 1902 da ita ya yi suna. Ka kafe wayar akan abun ɗorawa mai ƙafa uku kar ta motsa ko kaɗan, ka kulle haske da saitin gani ta hanyar danne allon, ka ɗauka mutum yana tsaye, kowa ya daskare, shi ya fita, ka ci gaba da ɗauka, a wurin haɗawa ka yanke tsakiyar. In rana ta motsa ko inuwa ta sauya asiri zai tonu, dan haka ka yi da sauri. In koren ƙyalle zaka yi amfani da shi dan sauya bayan mutum, ka goge shi kar ya yi tamoji, haske ya bazu akansa daidai, ɗan wasan ya matso gaba kamar taku uku, kuma kar ya sa koren kaya. Manhajar haɗa bidiyo ta CapCut a waya ta isa yin wannan.

Lokacin hunturu da hazo ya rufe gari, ka fita da sassafe ka ɗau titi babu kowa, zaka samu kamannin garin da aka gudu aka bari ba tare da ka biya ko sisi ba. Kafin ka kafa kyamara a unguwa kaje ka gaida mai unguwa ka faɗa mishi abun da zaku yi, musamman in akwai shigar ban tsoro ko bindigar roba. Kar ku shiga kwari in hadari ya haɗu ko da a nesa ne, ruwan daga sama yake tahowa ba sallama. In wajen Kaltungo ko Ɓilliri zaku ɗauka cikin duwatsu kowa ya sa takalmi mai rufi, yankin kububuwa ne, ba banza aka yi asibitin saran maciji a can ba.

Kuɗin da ke hannunka kuma ka fara kashe shi akan sauti kafin hoto. Ka sayi ƙaramar makirfo ta maƙalawa a riga, ka kashe janareta da fanka lokacin ɗauka, a kowane wuri ka ɗau minti ɗaya na shirun wurin kowa ya yi tsit, da shi zaka cike gurbin da ka yanke. Muryar bangon kuwa ga yadda na gwada ta fito min, na sa mai maganar ya yi ta a hankali bakinsa kusa da bakin tulun ƙasa mara ruwa, makirfo na rataye a ciki, sannan na rage ƙarar na ɗora ta akan shirun ɗakin. Ka gwada da tulu biyu ko uku dan kowanne da irin amonsa, ka saurara da abun kunne sannan ka saurara a lasifikar ƙaramar waya, dan da ita mafi yawan mutanenka zasu kalla.